Ƙananan hukumomi takwas, gari ɗaya: wa zai yashe kwatar Jakara?

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, don Allah duk wanda zai amsa ya ajiye jam'iyya a gefe tukuna. Tun ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a daina bi da kuɗin ƙananan hukumomi 774 ta hannun gwamnoni, a tura musu kai tsaye, kuma ta hana naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Kowa ya yi murna har da ni. To amma abin da yake damuna shi ne, a ce ma gobe kuɗin ya faɗo asusun kowane ciyaman cif ba a taɓa sisi ba, birnin Kano fa ƙananan hukumomi takwas ne, Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ruwan Jakara yana fitowa daga cikin gari ya bi ta Fagge da Nassarawa ya faɗa Ungogo har madatsar Wasai a Minjibir, sharar da aka zuba masa a sama ita take toshe mutanen ƙasa. Wa zai saka kuɗin yashe ta a kasafinsa? Kowane ciyaman zai ce ai ba a yankina kaɗai take ba. Ni ina ganin mun tsaya kan wa zai riƙe kuɗin mun manta da yadda za a kashe shi a gari ɗaya mai shugabanni takwas.

Tsohon Kansila:
Wa alaikumus salam. Abban Khalifa ka yi gaba da yawa, bari kuɗin ya zo tukuna. Ni na zauna a majalisar ƙaramar hukuma na ga yadda ake yi da idona. Idan aka gama rabo a Abuja kuɗin yana shiga asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, sai a kira taro a karanto maka abin da aka cire, albashin malaman firamare, na ma'aikatan lafiya, fansho, kason masarauta, kuɗin horas da ma'aikata, sannan ayyukan haɗin gwiwa da kai baka san lokacin da aka yanke su ba. Abin da ya rage shi ne za a ba ciyaman ya sayi dizal da takarda ya sallami masu zuwa da takardar asibiti. Kasafin da muke zama mu amince da shi kuwa littafi ne mai kauri an yi masa bango mai kyau, a ciki zaka ga kwalbati a mazaɓarka, rijiyar burtsatse, gyaran aji biyu, ka koma gida ka faɗa wa mutanenka, shekara ta ƙare ba a saki ko bulo ɗaya ba, baɗi a sake kwafo shafin a canza shekara. Mutanen unguwa kuma kai suke gani ba na sama ba. Wlh akwai lokacin da sai bayan isha nake shiga gida don kunyar mutane.

Abban Khalifa:
Honarabul na yarda da kai ɗari bisa ɗari, amma ka lura a cikin abin da ka lissafo ba ko ɗaya da ya shafi aikin da ya ratsa iyaka. Kwalbati, burtsatse, aji. Duk na mazaɓa ne.

Tsohon Kansila:
Ai kansila ba zai taɓa kawo aikin da ya wuce mazaɓarsa ba, ƙuri'arsa a nan take. Mazaɓu 484 ne a jihar nan kowa ta tasa yake yi.

Malama Maman Ummi:
Salam. Ni dai duk wannan magana ta tura kuɗi kai tsaye gabana faɗuwa yake. Ku tambayi tsofaffin malamai abin da ya faru a 1991 lokacin Babangida da aka mayar da albashin firamare hannun ƙananan hukumomi, malamai sun yi watanni ba albashi wasu suka koma noma da acaɓa, sai da aka dawo da hukumar firamare ta ƙasa a 1993 aka samu sauƙi. Shi yasa ƙungiyarmu ta NUT kullum take cewa a cire albashin malamai tun daga tushe kafin kuɗi ya isa hannun ciyaman. Kuma ba sai mun je tarihi ba, a 2025 malaman firamare na Abuja sun fi wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomin can shida basu biya sabon mafi ƙarancin albashi ba, yara suna gida, a babban birnin ƙasa fa. Don Allah idan ana maganar 'yanci a tuna da mu.

Barista:
Malama tsoronki yana kan hanya. Bari in ɗan saka doka a ciki don muhawarar ta tsaya a kan ƙafarta. A tsarin rabon da ake bi gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, sannan a harajin VAT ƙananan hukumomi suna da kashi 35. Asusun haɗaka kuma ba gwamnoni suka ƙirƙiro shi da ka ba, sashe na 162 na kundin tsarin mulki na 1999 ne ya ce kowace jiha ta buɗe shi, abin da kotu ta ce shi ne gwamnoni sun mayar da shi hanyar riƙe kuɗin da ba nasu ba don haka a biya kai tsaye. Har aka shekara da hukuncin ana ta ja-in-ja kan buɗe asusu a Babban Banki.
Aikin da kundin ya ba ƙaramar hukuma yana jadawali na huɗu, kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, mahauta, kwashe shara, magudanan ruwa da titunan cikin unguwa, sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, allunan talla, sai sa hannu a ilimin firamare da lafiya a matakin farko. Ku duba lissafin nan ku faɗa min nawa ne a ciki ƙaramar hukuma take yi da kanta a birnin Kano yau. Shara tana hannun REMASAB, zirga-zirgar ababen hawa tana hannun KAROTA, izinin gini yana hannun KNUPDA, duk hukumomin jiha ne, manyan kasuwanni jiha ce take naɗa musu shugabanni. Kuma ba mugunta ce zalla ta kawo haka ba, dalilin da Abban Khalifa ya faɗa ne, gari ɗaya ba zai yiwu da dokar shara takwas ba. Matsalar ita ce an ɗauke aikin an ɗauke kuɗin amma an bar ƙaramar hukuma da zagin.

Ɗan Kwari:
Barista Allah ya ƙara sani. Mu a kasuwa abin da muka sani shi ne rasit. Wannan ya zo da nasa na ƙaramar hukuma, wancan na jiha, na shara daban na allo daban na lodi daban, duk muna biya. Da ruwa ya shigo Kantin Kwari a damunar 2022 ya jiƙa dilolin atamfa da shadda na miliyoyi wa ya zo ya ce ni na karɓi kuɗinku ni zan ɗauki nauyi? Ni da idona na ga mutum yana zare yadi daga cikin laka yana shanyawa a kan rufin mota yana hawaye, kayan kuma na bashi ne. Kowa ya san dalili, an gina shaguna a kan hanyar ruwa an matse layuka. Waɗanda suka gina kuma da takarda a hannunsu ba da dare suka yi ba.

Safiyo:
Ɗan Kwari ka taɓo inda yake min ciwo. Amma ni zan ja ku daga tsakiyar gari zuwa gefe, don abin da ake kuka da shi a Kwari yau ana shuka irinsa a Ungogo da Kumbotso da Gezawa da Dawakin Kudu yanzu haka muna wannan hira. Awon igiya nake nufi. Ga yadda yake. Manomi ya ga gari ya iso bakin gonarsa, taki ya yi tsada, 'ya'ya sun girma ana son aure, dillali ya zo ya saye gonar ko su yi yarjejeniya, ranar Lahadi a zo da igiya da turaku da yara biyu, a yanka ƙafa 25 da 50, wani wurin ma ƙasa da haka, kowane taku kuɗi ne don haka lungun da za a bari da ƙyar Adaidaita Sahu zata shiga, ba filin makaranta ba na asibiti ba na maƙabarta, kwata kuwa ba a ma yi zancenta. Mai unguwa ya sa hannu dagaci ya buga hatimi shikenan an sayar. Bayan shekara biyar wurin ya cika da mutane, kowa ya haƙa shadda a gefen rijiyar maƙocinsa, ruwan wanka yana bin tsakiyar lungu, in gobara ta tashi motar kashe gobara sai dai ta tsaya a bakin titi. Na shiga unguwar da in an yi rasuwa sai an karkata makara kafin ta fita kwana. Daga nan sai a fara zuwa wajen kansila ana a yi mana kwata a yi mana titi, alhali yin titin yanzu sai an rushe gidaje an biya diyya, kuɗin da da an bar hanyar tun tana gona ko kwabo ba za a kashe ba.
Ni a ganina wannan shi ne babban ramin da yake cinye kasafin ƙananan hukumomin gefen gari tun kafin a rubuta shi.

Auwal na Sheka:
Yallaɓai Safiyo da girmamawa, amma talaka ina zai je? Awon gwamnati nawa ne? An yi rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, mai sayar da ruwa a kura ko malamin firamare zai iya saya? Babana a awon igiya ya samu ya gina ɗaki biyu muka fita daga haya, da ya jira gwamnati ta yanka masa fili da har yau muna haya. Kar a mayar da laifin kan mai saye.

Safiyo:
A'a Auwal ƙanena ban ɗora wa mai saye laifi ba ko kaɗan, ni kaina a irin unguwar na tashi. Awon igiya ya samu kasuwa ne saboda hukuma bata yanka fili mai araha da sauri kamar yadda gari yake girma. Abin da nake so ba a hana mai gona sayarwa ba, a ce masa kafin ka yanka ga inda babbar hanya zata bi, ga hanyar ruwa, ga kason makaranta da asibiti, sauran ka yanka ka sayar yadda ka ga dama. Shi ma mai gonar ribarsa ce, fili a bakin hanya mai faɗi ya fi na ƙuryar lungu daraja. Kuma wannan aikin ƙaramar hukuma ce ta fi kowa iya shi don ita take da mai unguwa da dagaci a ƙasa, su suke sanin ranar da aka shigo da igiya. Ofishin da yake cikin gari sai gini ya kai linta yake ji, ya zo da jan fenti.

Barista:
A nan ma doka ta raba ƙafa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce filin da yake cikin birni yana hannun gwamna, wanda ba birni ba ƙaramar hukuma ce take ba da shaidar mallaka ta gargajiya, kuma gwamna ne yake ayyana inda ya zama birni. To gonar da take Ungogo a takarda tana iya zama cikin birni, a ƙasa kuma dagaci ne yake ganinta. Dokar tsara birane ta 1992 ta so a samu hukumar tsarawa a kowane mataki har ƙaramar hukuma, sai Legas ta kai ƙara, a 2003 Kotun Ƙoli ta ce tsara gari hurumin jihohi ne. Ma'ana gyaran nan ba sai an je Abuja ba, majalisar dokokin Kano tana iya yin doka ta ba ƙananan hukumomi hannu a sa ido kan yanka filaye.

Baba Alhaji na Dala:
Yarana sannunku da ƙoƙari, jikana ne yake karanta min ina faɗa yana rubutawa. Zamanin En'e Kano hukuma ɗaya ce da baitulmali ɗaya, akwai duba gari da yake zagayawa ya leƙa randa ya duba kwata, in ya samu ƙazanta sai ka biya tara, mata suna jin ance ga duba gari kowa zata ɗauki tsintsiya. Ban ce komai na lokacin daidai ne ba, an zalunci talaka a haraji da jangali har Allah ya kawo Abubakar Rimi ya soke su a 1979. Amma gari yana da mai shi. Kuma tun farkon shekarun 1960 aka zauna aka zana wa Kano tsarin shekara ashirin, 1963 zuwa 1983. Kududdufan da kuke gani ana cikewa ana gini su ne suke shanye ruwan sama, da ƙasar da aka haƙa a cikinsu aka gina gidajen birni. An cike su ba a yi wa ruwan wata hanya ba. Ruwa kuwa baya manta hanyarsa.

Abban Khalifa:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Abin da Baba ya faɗa shi ne zuciyar tambayata. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi 301 a ƙasa, aka yi ta rarrabawa har 774, Kano ta samu 44. A ƙauye rarrabawar ta kawo hukuma kusa da mutane, a birni kuma ta yanyanka abu ɗaya. Mutumin da yake kwana a Bachirawa da safe yana Sabon Gari, can yake biyan kuɗin rumfa can yake cin abinci, wato Fagge ce take ganin kuɗinsa, amma 'ya'yansa a firamaren Ungogo suke, matarsa a asibitin Ungogo take awo, shararsa a Ungogo take. Ga shi rabon Abuja kashi 40 daidai wa daida ake yi, yawan jama'a kashi 30 ne, kuma ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce. Duk unguwannin da suka tsiro a Rijiyar Zaki da Danbare da Gaida da Rimin Kebe bayan wannan shekarar lissafin bai san da su ba.

Ɗan Kwari:
To kana so a ɗebi kuɗin Fagge a kai Ungogo kenan? Mu ma fa bamu gani a ƙasa ba.

Abban Khalifa:
Ba haka nake nufi ba Alhaji. Ina nufin takwas ɗin nan su samu teburi ɗaya da asusu ɗaya na abubuwan da suka haɗa su kawai, manyan magudanan ruwa, wurin zubar da shara, hanyoyin da suka ratsa iyaka, kowa ya zuba gwargwadon abin da yake samu, jiha ma ta zuba nata, a rubuta a fili ga abin da aka tara ga aikin da za a yi bana.

Tsohon Kansila:
Abban Khalifa wannan da ka faɗa ai shi ne asusun haɗaka da wani suna. Da sunan aikin haɗin gwiwa aka yi ta yankar mana kuɗi. Ka tuna titin kilomita biyar biyar da aka fara a kowace ƙaramar hukuma zamanin Kwankwaso na biyu, tunanin mai kyau ne, amma da gwamnati ta canza da yawa suka tsaya shekara da shekaru an tone hanya an barta, sai da aka sake wata gwamnatin aka koma kansu. Kuɗin ƙananan hukumomi yana ciki kuma ba ciyaman ɗin da ya isa ya tambaya. Duk asusun da ka tara wuri ɗaya a ƙasar nan mai ƙarfi ne zai zauna a kai.

Abban Khalifa:
Bambancin Honarabul shi ne wa yake da mukulli. Wancan daga sama ake cira kafin ka gani. Wannan kuɗin ya shigo hannunka tukuna, majalisarka ta zauna ta amince a zuba kaza don aiki kaza, in ba a yi aikin ba baɗi ka ƙi zubawa.

Tsohon Kansila:
Ciyaman ɗin da gwamna ya tsayar shi zai ƙi zubawa? Hukumar zaɓen jiha ce take shirya zaɓen, a Oktoban 2024 jam'iyya mai mulki a Kano ta cinye 44 duka, kuma ba Kano kaɗai ba kusan ko'ina haka ake yi ko wace jam'iyya ce a sama. In ba a gyara zaɓen ba ko ta ina ka bi da kuɗin wuri ɗaya zai koma.

Malama Maman Ummi:
Gaskiyar Honarabul ce a nan. Allah ya kyauta.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Kano, ina biye da ku. Mu nan Nijar abin da Abban Khalifa yake nema akwai irinshi a takarda. Manyan birane huɗu suna da matsayi na musamman, Yamai an raba ta gunduma 5, Damagaram 5, Maraɗi 3, Tawa 2, kowace gunduma da magajin garinta amma a samansu akwai majalisar birni guda da shugaba guda, ita ke riƙe da babban kasafi da yanka filaye da manyan ayyuka, gunduma ta ji da takardun haihuwa da ƙananan hidimomi. Don haka ba a gardamar wa ke da kwata. Amma kar ku ce mun huta, don kuɗin shiga kaɗan ne, sai lameri, wato hukumar birnin, ta koma yanka filaye tana saidawa don ta biya albashi, gari ya yi ta faɗi babu ruwa babu wuta a sabbin unguwanni, kuma ambaliyar 2024 ta yi mana ɓarna sosai a Maraɗi. Sannan a watan Afrilun 2024 sojoji sunka rushe majalisun duka sunka naɗa nasu. Tsari ɗaya yana taimako amma in babu mai tambayar ina kuɗi sunka tafi duk ɗaya ne.

Safiyo:
Na gode ɗan uwa, wannan ta sayar da fili don biyan albashi ita nake tsoro in an ba ƙananan hukumominmu hannu a filaye ba tare da ƙa'ida ba. Mun ga yadda filayen makarantu da na Idi da jikin badala suka koma shaguna. Sannan 2023 aka zo da katafila aka rushe otal ɗin Daula, shagunan filin Idi, shataletalen gidan gwamnati. Kotun tarayya ta ce a biya masu shagunan filin Idi naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a biliyan 3. Ku duba fa, gwamnati ɗaya ta ba da izini wata ta rushe, diyyar kuma daga aljihun jama'a, kuɗin da zai yi kwatoci nawa. Da akwai taswirar gari da doka ta kafa wadda kowa zai iya gani, wadda gwamna ma sai ya bi matakai kafin ya canza amfanin wuri, da ba a ba da izinin ba tun farko balle a zo rusau.

Auwal na Sheka:
Ni abin da ban gane ba, mai shagon gas a tsakiyar gidaje da gidan mai a jikin makaranta da gidan biki da yake hana unguwa barci, waɗannan wa yake basu izini? In ka je ƙaramar hukuma su ce ba su ba ne, amma duk wata yaronsu yana zuwa karɓar kuɗin shago.

Barista:
Auwal izinin gini da canza amfanin wuri na jiha ne, lasisin gas da mai na tarayya ne, kuɗin shago na ƙaramar hukuma ne. Hannu uku a kan shago ɗaya kuma ba wanda doka ta tilasta masa ya tambayi maƙota kafin ya sa hannu. Game da teburin da Abban Khalifa yake so kuma, sashe na 7 na kundin ya ce ƙaramar hukuma ta shiga tsara tattalin arzikin yankinta kuma majalisar jiha ta kafa hukumar tsare-tsare don haka, wato ƙofar a buɗe take. Ni dai zan ƙara sharaɗi ɗaya, duk abin da za a tara a buga shi. Ofishin babban akanta na ƙasa yana fitar da abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata, ana iya gani a intanet. Abin da ba a gani shi ne fitarsa.

Malama Maman Ummi:
To a fara da wannan mana. A liƙa kasafin a allon sakatariya da ƙofar gidan hakimi da Hausa, ba sai da turanci ba, a karanta a rediyo yadda ake karanta sanarwar ɗaurin aure. A makarantarmu aji ɗaya yara sun fi ɗari a ƙasa suke zaune, rufin ajin ƙarshe iska ta yaye tun bara muna haɗa su da na kusa, in na san an saka gyaransa a kasafi ai na san ƙofar da zan je da iyayen yara. Yanzu ko tambaya ka yi sai a ce ana jiran amincewa daga sama.

Tsohon Kansila:
Malama in kuna so ku gani ga yadda za ku yi. Kar mutum ɗaya ya je, ku je da sunan ƙungiyar iyaye da malamai ko ƙungiyar ci gaban unguwa da takarda a rubuce, ku nemi kundin kasafin bana wajen sashen tsare-tsare, ku buɗe ɓangaren manyan ayyuka ba na albashi ba, a nan zaku ga sunan mazaɓarku da aikin da kuɗin. Ku ɗauki hoto. Sannan lokacin shiga da buƙata kafin ƙarshen shekara ne lokacin da ake haɗa na baɗi, in an riga an kai shi gaba sai dai haƙuri. Kansilanku ma zai ji daɗi, don yana da abin nunawa cewa ba shi kaɗai yake surutu ba.

Safiyo:
In kun tashi ku haɗa da na unguwar da take maƙotaka da ku ko da ƙaramar hukumarsu daban ce. Kurna da Rijiyar Lemo misali, tsallaka titi ne ka fita daga wannan ka shiga waccan, ruwansu ɗaya. Takarda iri ɗaya a kai sakatariya biyu ko uku rana ɗaya da sa hannun masu unguwanni, a ce ga kwatar ga inda ta faro ga inda ta toshe.

Abban Khalifa:
Wannan zan iya. Akwai ƙungiyar matasa a layinmu da suke yashe kwata duk farkon damuna da cebur da baro na aro, zan yi musu magana bayan sallar Juma'a, su suka san masu unguwannin tsallake. Yallaɓai Safiyo in mun zana hanyar ruwan da hannu a takarda zaka iya duba mana kafin mu kai?

Safiyo:
Zan duba in sha Allah. Ku bi ta da ƙafa daga sama har ƙasa, ku rubuta faɗinta a kowace kwana da duk inda aka yi gini ko aka zuba kankare a kanta, ku tambayi tsofaffin layin inda ruwa yake tsayawa in an yi mai yawa. Ku turo min tun kafin ruwan farko.